Tambaya da Amsa: Shokabzoban Gaba a Tsohuwar Mota

Tambaya: Motata ta haura shekara ashirin. Da zarar na faɗa rami sai in ji ƙwal-ƙwal a ƙafar gaba ta dama. Bakanike ya ce shokabzoba ce ta mutu. In canza ta dama kawai ya isa?

Amsa: Malam, kafin ka sayi komai, a tabbatar ita ce mai laifin. Yawancin ƙananan motoci suna da irin ƙafar da ake kira MacPherson, sunan injiniyan Amurka da ya ƙirƙiro ta. A nan shokabzoba da sifirin a haɗe suke kamar ginshiƙi guda: ƙasansa a ɗaure da inda taya take, samansa a jikin mota ƙarƙashin bonet, kan wata roba mai boris a ciki. Ginshiƙin yana ɗaukar nauyi, yana kuma juyawa tare da sitiyari, shi ya sa yake shan wahala fiye da na baya.

Sau da yawa wannan ƙarar daga robar sama take fitowa, ko daga siririn sandan da ke haɗa shokabzoba da ƙarfen hana tangaɗi, ko daga boljon, mahaɗin ƙasa da ƙafar ke juyawa a kansa. Ka sa wani ya riƙa juya sitiyari mota na tsaye, kai kuma ka ɗora hannu a saman ginshiƙin. Idan ka ji sifirin yana maƙalewa sannan ya ƙwace, boris ɗin sama ne ya ci. Ita shokabzoba alamunta daban: mai yana gangarowa a jikinta har ƙura ta manne, hancin mota yana nutsewa idan an taka birki, taya tana cinyewa tabo-tabo kamar an gutsura. Ɗan danshi a wuyanta kawai ba mutuwa ba ne. Danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki: ta taso ta tsaya. Idan ta yi lilo sau biyu ko uku, shokabzobar ta gama aiki.

Batun canza guda ɗaya, a'a. A canza biyun tare. Sabuwa a dama da gajiyayya a hagu suna sa mota ta karkata lokacin birki da kwana, kuma tsohuwar ba za ta daɗe ba tunda tare suka yi tafiyar. Daga kilomita 80,000 ya kamata a riƙa duba su a kai a kai.

Tambaya: An ce mini ana huda shokabzoba a ɗura sabon mai ta dawo kamar sabuwa. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, man da ya zuba ta inda robar rufi, wadda ke tare mai a wuyan shokabzoba, ta lalace ya bi, kuma sabon ma nan zai bi. Masu iskar gas a ciki kuwa, huda su haɗari ne. Wasu tsofaffin motoci, kamar BMW E30, ana kwance babban noti a zare cikin a saka sabo, a bar kwanson. Wannan gyara ne na gaskiya. Hudawa kuwa ɓata kuɗi ne.

Tambaya: Ina da kayan aiki a gida. Zan iya canza su da kaina?

Amsa: Za ka iya, ɗan'uwa, amma sai da abin matse sifirin mai kyau. Notin tsakiya da ke saman ginshiƙin shi ke riƙe da sifirin da aka danne da ƙarfin ɗaruruwan kilo. Wanda ya kwance shi ba tare da ya matse sifirin ba, zai iya rasa yatsu ko ido.

Ɗaga motar ka ɗora ta kan matokara, kada ka dogara da jak. Cire taya, saki tiyon birki da wayar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki) daga jikin ginshiƙin, sannan sandan hana tangaɗi. Yi alama da fenti a kan ƙusoshi biyun ƙasa kafin ka kwance su, domin a wasu motocin su ke saita karkatar taya. Tallafi cibiyar tayar da wani abu, in ba haka ba ta faɗo waje ta fisgo shaf daga giya. Notocin sama, galibi uku ne, su ne na ƙarshe.

Bayan ka fitar da ginshiƙin ka ajiye a ƙasa, kama sifirin da abin matsewar ta ɓangarori biyu masu fuskantar juna, ka riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan bi da bi har ya saki mazauninsa. Sai yanzu notin tsakiya. Kada ka kama sanda mai sheƙi da ke fitowa daga cikin shokabzoba da filaya. Ƙarzane ɗaya zai yanka robar rufi, sabuwar shokabzoba ta fara yoyo cikin watanni. Saman sandan yana da wurin kamawa da sifana ko makulli mai kusurwa shida.

Tunda an riga an buɗe, a sa sabuwar robar sama da boris, da rigar kare ƙura, da robar da ke tare bugu idan ƙafa ta nutse. Duba bakin sifirin ya zauna daidai a gurbinsa, duba kuma tsatsa a farantin da yake zaune da ƙarfen jikin mota da ke sama. Ɗaure kowane noti da gwargwadon da littafin motar ya faɗa, sannan a kai ta a saita ƙafa, ko da sitiyari bai nuna karkata ba.