Kafin ka tura kuɗin injin zuwa Sin

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da injinan niƙa da na casar shinkafa a Kano, a hannun wasu nake sara. Bana ina so in yi odar kwantena ɗaya da kaina daga ƙasar Sin. Wani dillali ya ce kada maganar SONCAP ta dame ni, in kaya sun iso Legas ya san yadda zai yi. Ta ina zan fara? Kuma kuɗin takardar nan ba asara ba ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a cikin nema.

Ka ajiye maganar dillalin nan gefe. SONCAP shiri ne na Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, wato SON, na tantance ingancin kayan da ake shigowa da su, wanda aka fara a 2005, kuma a ƙasar da aka ƙera kaya ake yin sa, tun ba a loda su ba. Takardu biyu ne. Ta farko tana shaida cewa an gwada samfurin injin ya cika ƙa'ida, da ita bankinka zai buɗe maka Fom M, wato takardar bayyana kayan da za ka shigo da su. Ta biyu ta wannan lodin ce kaɗai, kuma sai da ita kwastan za su ba ka PAAR, wato takardar kimanta harajin kayan, ka fitar da kaya. Kamfanonin da SON ta amince wa, irin su SGS da Intertek da Cotecna, su ke duba kayan a can. Wanda ya bari sai kwantena ta sauka Apapa sannan ya fara neman takarda, kullum kuɗin zaman kwantena ƙaruwa yake, ga tara, ga yiwuwar a riƙe kayan. Za ka ji ana cewa injinan masana'antu suna da sassauci. Wannan na mai masana'antar da zai yi aiki da injin da kansa ne, shi ma sai ya nemi izini daga SON. Kai sayarwa za ka yi, bai shafe ka ba.

Amma abin da ya fi damuna ba takardar ba ce, injin ne. Ka tuna su wa za su tsaya a gabansa: yaron shago, dattijo da babbar riga, mace da mayafi ta kawo markaɗe. Bel da ke juyawa a buɗe, in ya kama hannun riga ba ya saki sai ya haɗa da hannun. Don haka ka rubuta wa kamfanin da zai ƙera injinan cewa kowane bel da fuli da sarƙa su zo da marfin ƙarfe da aka ɗaure da noti, wanda ba a cire shi da hannu kawai. Mazubin hatsi ya yi zurfin da yatsa ba zai kai haƙoran injin ba. A sa makunnin kashe injin da gaggawa, jan nan mai kama da lema a kan fenti rawaya, inda hannu zai kai nan take. Wani abu da mutane ke mantawa, alhali a ƙasarmu ya fi komai muhimmanci: in an ɗauke wuta aka dawo da ita, kada injin ya tashi da kansa. Sau nawa mutum ke sa hannu yana gyara don ya ga babu wuta? Waɗannan duka suna cikin ƙa'idojin tsaron injina na duniya, ISO 12100 da IEC 60204-1. Ka ambaci lambobin nan a takardar ciniki, kamfanin zai gane ba da baƙo yake magana ba.

Sai wuta. Tamu bolt 230 ce a layi ɗaya, 400 zuwa 415 a layi uku, a kan Hz 50. Sin kuwa 220 da 380 suke amfani da su, saboda haka ka sa su naɗa motar lantarkin injin daidai da tamu, su buga hakan a farantin da ke jikinta, tare da wurin ɗaura wayar da ke sauke wuta ƙasa. Duk ɓangaren da abinci zai taɓa, ka nemi ƙarfe marar tsatsa, lamba 304.

Kada tambarin CE ya ruɗe ka. Na kasuwar Turai ne, kuma a yawancin injina mai ƙerawa ne ke liƙa wa kansa. Ba ya maye gurbin SONCAP. Ka nemi ainihin rahoton gwaji, ka duba ko lambar samfurin da ke ciki ita ce ta injin da za a loda maka.

Game da kuɗi, ka raba kuɗin gwaji da na takardu a kan yawan injinan da ke kwantenar, ka sa shi cikin farashi kamar yadda kake sa kuɗin jirgi da na kwastan. In za ka riƙa maimaita oda daga kamfani ɗaya, ka nemi takardar samfur mai aiki shekara guda, ta fi sauƙi. Ka biya kamfanin kafin alƙalami kawai, ka rubuta a yarjejeniya cewa cikon sai an duba kaya an ba da takarda. Kamfanin da ya ƙi wannan sharaɗi, ka nemi wani tun kuɗinka na aljihunka.