Haɗa tankin tacewa biyu a ƙarƙashin babban akwatin kifi

Yarona, tambayar da ka yi mini muna tsakiyar aiki ban amsa maka ita yadda ya kamata ba, hannuna duk gam ne a lokacin. Cewa ka yi akwatin kifin nan mai tsawon mita 2 ya fi ƙarfin tankin tacewar da ke ƙarƙashinsa, babban tanki kuma ba zai shiga ta ƙofar kabad ɗin ba. To ko za a ajiye na biyu kusa da shi, a sa ƙaramin inji yana ɗebo ruwa daga na farko yana zubawa a cikinsa?

Ajiye tanki na biyu daidai ne, na sha yi. Injin nan na tsakiya kuwa, cire shi daga ranka tun yanzu. Babu injuna biyu da za su riƙa tura ruwa daidai wa daida, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su rana ɗaya. Yau datti ya ɗan toshe bakin wannan, gobe wancan ya ɗan rage ƙarfi. A ce bambancin lita 10 ne kacal a awa, kafin gari ya waye tanki ɗaya ya tumbatsa, ɗayan ya ƙafe har inji ya ƙone. Ina yaron shago na taɓa yin wannan kuskuren da hannuna, kwana muka yi muna kwasar ruwa a ɗakin mutane, kuma har yau ina tuna kifayen da muka rasa. Inji ɗaya ake sawa, a ƙarshen tanki na biyu, shi ke mayar da ruwa sama. Sauran tafiyar duk ruwan ne ke yin ta da nauyinsa: ya gangaro daga akwatin kifi zuwa tanki na farko, ya bi ta bututu zuwa na biyu.

Wannan bututun da ke tsakanin tankunan shi ne aikin gaba ɗaya, kuma a nan na fi so ka buɗe kunne. Mutane suna ɗauka tunda an haɗa tanki biyu, ruwansu zai tsaya kai ɗaya. Haka ne, amma sai in ruwan a tsaye yake. Da zarar inji ya tashi, dole ruwan tanki na farko ya ɗan fi na biyu tsayi, domin wannan fifikon ne ke tunkuɗa shi ta cikin bututun. In bututun siriri ne, fifikon sai ya yi yawa.

Bari mu yi lissafi da akwatin da ke gabanmu. Tsawo santimita 200, faɗi 60, zurfi 60: ka ninka su ka raba da 1,000, lita 720 ke nan. Ni nakan so ruwan ya zagaya ta tankin tacewa kamar sau 4 a awa, mu ce lita 3,000. In ka matsa wannan ruwan ta bututu mai faɗin ciki milimita 25, sai tanki na farko ya ɗara na biyu da fiye da santimita 20 kafin ya iya wucewa. Ina za ka samo wannan filin a tankin da duka tsayinsa santimita 40 ne? Ka sa mai milimita 50, bambancin ba zai kai santimita 2 ba. Ninka faɗin bututu sau biyu yana buɗe hanyar ruwa sau huɗu, tsayin da ake buƙata kuma ya ragu wajen sau 16. Duk da haka ni biyu nake sawa. Dodon koɗi ɗaya ko guntun soso ya isa ya toshe guda, na biyun shi zai riƙe ka har ka lura.

Akwai masu gudun huda gilashi, sai su lanƙwasa tiyo ta saman bakin tankunan ya riƙa zuƙo ruwa. Yana aiki mako ɗaya, wata ɗaya. Ƙananan kumfar iska suna taruwa a ƙololuwar lanƙwasar a hankali har zuƙon ya yanke, inji kuwa bai sani ba, yana ta turawa sama, ruwa yana ta gangarowa tanki na farko. Huda ake yi, ƙasa-ƙasa a jikin bango, inda ruwa zai rufe bututun a kowane lokaci. Kafin ka ɗora mahudi ka tabbatar gilashin ba irin wanda aka gasa don ƙarfi ba ne, shi wannan ba ya huduwa, tarwatsewa yake yi. Mahudi mai bakin daimon, ruwa yana zuba a kai, hannu ba dannawa. Ka bar tazara daga gefen gilashi aƙalla faɗin hudar kanta. Mahaɗi shi ne abin da ake zurawa a hudar ya riƙe bututun. Zoben roba mai hana yoyo yana zama ta ɓangaren kan mahaɗin, ba ta wajen noti ba, a ɗaure da hannu a ƙara ɗan juyi kaɗan. Kuma kada ka haɗa tankuna biyu da sandararren bututu zalla. Ka sa guntun tiyo mai laushi a tsakani, domin in ɗaya ya ɗan gusa da nauyin ruwa, gilashin ne zai tsage daga bakin huda.

Sai maganar ɗaukewar wuta. Inji na tsayawa, ruwan saman akwatin kifi zai ci gaba da gangarowa har ya sauka ƙasa da bakin magudana, wato hanyar da ke kai shi tanki na farko, bututun mayarwa kuma ya juya yana zuƙo ruwa baya. In ruwan sama ya sauka santimita 3 a akwatinmu, lita 36 ke nan, ban da na cikin bututai. Mu ce 50 don kwanciyar hankali. Tankuna biyu, kowanne tsawo santimita 80, faɗi 40, kowane santimita ɗaya na tsayinsu tare yana cin lita 6.4, saboda haka kana buƙatar filin wajen santimita 8 a sama wanda babu ruwa. Ka lura, ruwan zai daidaita a tankunan biyu, shi ya sa wanda bakinsa ya fi ƙasa shi ne ma'auninka. Ka ajiye su a kan daɓe ɗaya, ka duba da lebur. Ka yi ƙaramar huda a bututun mayarwa dab da ƙasan fuskar ruwa don iska ta shiga ta yanke zuƙon, kana goge ta lokaci-lokaci saboda gansakuka. Bawul mai hana ruwa komawa ba na dogara da shi, ƙwayar yashi ɗaya ke hana shi rufewa. Bayan duk wannan lissafin, sai an gwada akan san na ƙwarai: zare filogi da hannunka, ka tsaya a wurin har ruwa ya daina motsi, ka ja layi a jikin tanki. Ka toshe bututu ɗaya na tsakiya da gangan inji yana aiki, ka ga ko ɗayan zai ɗauke nauyin.

Tsarin ciki ba wuya. Tanki na farko na soso da audugar tacewa ne, inda hannunka zai kai a sauƙaƙe, domin su ake yawan wankewa. Na biyu na duwatsu masu ramuka da hita, sai ɗakin inji a ƙarshe. A ɗakin injin nan kaɗai za ka ga raguwar ruwan da iska ke sha, can ake ƙari.

Mai akwatin zai so ya zubo sababbin kifaye ranar da muka gama, ka lallashe shi ya dakata. Bakteriyar da ke mayar da amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, zuwa naitirait, sannan zuwa naitiret mai ƙarancin guba, tana ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin ta kama sababbin duwatsu. Ka ɗebi kaɗan daga tsofaffin ka gauraya da su, kada ka wanke su da ruwan famfo mai kulorin. Naitiret ɗin kuma tanki na biyu ba ya cire shi, tsarma shi kawai yake yi, canjin ruwa yana nan yadda yake. Gobe da safe ka auno mini tsayin tsohon tankin da tazarar da ke tsakaninsa da bangon kabad, kafin mu yanka komai.