Yaya, ga dalilin da ake koya wa yaranmu wannan darasi a Shikago

Yaya, ka ce anya makarantar da ke koya wa yaro cewa 'yan sanda sun azabtar da mutane ba tunzura shi take yi ya raina hukuma ba? Ni ma ranar da ɗanka ya dawo da wannan aikin gida, sai da gabana ya faɗi.

Abin da ya faru shi ne, tsakanin 1972 da 1991 wani kwamandan 'yan sanda a kudancin birnin nan, Jon Burge, shi da yaransa sun gana wa baƙaƙen fata sama da 100 azaba don su amsa laifi. Suna jona musu lantarki a jiki, suna rufe musu kai da leda har numfashi ya kusa ɗaukewa. Wasu an yanke musu hukuncin kisa bisa wannan amsa laifi na dole, sai a 2003 gwamnan jihar ta Illinois, George Ryan, ya yi wa huɗu daga cikinsu afuwa. Shi Burge an kore shi a 1993, amma ba a taɓa hukunta shi kan azabtarwar ba, don wa'adin shigar da ƙara ya wuce. Kan ƙaryar da ya yi bayan ya yi rantsuwa aka same shi da laifi a 2010, ɗaurin shekara huɗu da rabi.

A watan Mayu na 2015 majalisar birni ta amince da diyya: dala miliyan 5.5 ga mutum 57, da neman afuwa a hukumance, da karatun kwaleji kyauta. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai, su waɗanda aka azabtar ɗin da masu fafutuka tare da su ne suka dage a sa labarin cikin manhaja, aji takwas da aji goma, aka fara a 2017. Shekaru suna faɗa ana ƙaryata su, kuɗi kaɗai ba ya wanke wannan. Darasin kansa wani kaso ne na diyyar.

Mu Hausawan nan, gaskiya da yawanmu da farko mun ce ba ruwanmu, rigimar baƙaƙen Amurka ce, mu baƙi ne masu neman abinci. Sai dai ɗan sandan da ya tsayar da mota da daddare ba ya tambayar ko kakanka daga Kano ya fito. Launin fata yake gani. Shi ya sa kusan kowane gida a cikinmu ake zaunar da yaro a ce masa: hannunka kan sitiyari, kada ka zura shi aljihu, kada ka yi musu.

Ka tuna 2020 da aka yi ta zanga-zanga kan cin zarafin da 'yan sandan SARS suke yi a Najeriya? Ɗanka ne ya tambaye ni ko a makarantun gida ana koyar da wannan. Na ce ya bari in ka kira ranar Juma'a ya tambaye ka da kansa.