Gilashi ya shiga daram, amma a sake bugawa

Ka tambaye ni abin da ya sa na ce ka sake buga firam ɗin tabarau na yarinyar nan a firintar 3D, injin nan mai ƙera abu da narkakkiyar roba, alhali gilasan sun shiga daram, ko motsi ba sa yi. To saurara, ɗana.

Gilasan da iyayenta suka ciro daga karyayyen firam an riga an yanka su bisa awon likitan ido. Kowanne yana da cibiya, kuma dole cibiyar nan ta tsaya daidai gaban ƙwayar ido. Kai kuwa ka faɗaɗa gadar hanci, wato sashen firam da ke haɗa gilasan biyu a kan hanci, da milimita 4 don ta zauna mata da daɗi. Niyyarka mai kyau ce, sai dai ka raba cibiyoyin biyu da idanunta ke nan. Gilashinta mai ƙarfi ne, +5. A irin wannan ƙarfi, milimita 4 sun isa su karkatar da haske, idanu su yi ta faman haɗa hoto ɗaya, kai ya yi ciwo. Babba zai dawo ya yi ƙorafi. Yarinya 'yar shekara 5 cirewa kawai za ta riƙa yi, a gida a ce taurin kai ne. Ga shi ganin yaro yana kan ginuwa har wajen shekara 7 zuwa 8, idon da bai samu hoto tsaf ba a wannan tsakani yana iya raunana ya zauna haka. Abin da ke tsorata ni ke nan.

Saboda haka ka bar tazarar gilasan yadda take a tsohon firam. Karan hancin yara bai gama tasowa ba, shi ya sa tabarau ke zamewa har su riƙa leƙe ta samansa. Ka ƙara kauri ta cikin gadar inda take taɓa fata, ka lanƙwasa hannuwan su zagaye bayan kunne.

Robar ma ka canza. Robar PLA da ka buga shi da ita na fara laushi a zafin wajen digiri 60, a manta ta cikin mota da rana, ta murɗe. Robar PETG kuwa na jurewa har kusan 80. Ka kwantar da firam ɗin a kan farantin firinta, ka goge duk wani kaifi da samfefa mai laushi.

In ka gama, iyayen su koma da shi wurin likitan ido ya duba a fuskarta kafin ta fara sakawa.