Maƙwabci ya sayi gonar Baba da araha: ko kotu za ta soke cinikin?

Malam, na karanta saƙonka. Ka ce maƙwabcinku ya sayi gonar Baba yana kwance ana neman kuɗin asibiti, a farashin da bai kai rabin darajarta ba, wani kuma ya gaya maka wannan "undue influence" ne, kana zuwa kotu za a soke. Allah ya ba Baba lafiya. Amma mu bi a hankali.

Wannan kalma ba araha take nufi ba. A dokar da muka gada daga Ingila, ma'anarta mutum ya yi amfani da yardar da aka yi masa, ko ikon da yake da shi a kan wani, ya juya shi har ya sa hannu a abin da ba son ransa ba ne. Tsakanin likita da majinyaci, ko malami da almajirinsa, kotu takan ɗauka akwai wannan tasiri. Maƙwabtaka ba ta ciki. Sai kun nuna Baba ya jingina da mutumin nan, misali shi ke riƙe masa takardu ko sayar masa da amfanin gona. Idan kuwa Baba ne ya aika a kira shi, ya faɗi kuɗi da bakinsa a gaban shaidu, to da wuya.

Kuma ba kai ne mai ƙara ba. Muddin Baba na raye da hankalinsa, haƙƙin nasa ne, sai dai ya wakilta ka. Cinikin yana nan daram har sai an soke shi, jinkiri kuma yana iya kashe maganar, musamman idan gonar ta shiga hannun wani wanda bai san komai ba.

A kotun Shari'a wataƙila ƙofar ta fi faɗi. Tuhfa ta Ibn Asim, littafin hukunci na mazhabar Malikiyya, ta yarda da ƙarar wanda aka ƙwara a ciniki, in ƙwarar ta kai sulusi, bai san farashi ba, kuma shekara ba ta wuce ba. Sharaɗin rashin sanin nan ne zai ba ku aiki, tunda manomi yakan san darajar gonarsa.

Ban ga takardar ba, don haka ba zan yanke hukunci ba. Abin da maƙwabcin ya yi dai bai yi kyau ba, ya ga mutum a kwance ya taya. Ku fara zama gaban dagaci da shaidun cinikin, a nemi ya cika kuɗi ko ya karɓi nasa ya saki gonar. Kafin zaman, ku kai wa lauya takardar da katin asibitin Baba, ya duba ranakun.