Tambaya da Amsa: Gonar da Mai Saye ke Tsinka da Hannunsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni dattijo ne mai lambun mangwaro da gwaba kusa da madatsar ruwa ta Sabke. A watan Agusta, in Allah Ya kai mu, zan ziyarci ɗana da ke karatu a birnin Toronto na Kanada, ya kuma ce zai kai ni wata gona a bakin tafki inda baƙo ke tsinkar 'ya'yan itace da kansa sannan ya biya. Yaya ƙasar ƙanƙara take fitar da irin wannan amfani, kuma ya halatta mutum ya ɗanɗana kafin a auna? Daga wani mai karatu, Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba, Allah Ya kai ka lafiya. Ga alama yankin Niyagara ɗanka yake nufi, wanda ke kudu da Tafkin Ontariyo, ɗaya daga cikin manyan tafkuna 5 da ke yankin iyakar Kanada da Amurka.

Sirrin wurin yana cikin ruwan ne. Zurfin tafkin ya kai mita 244 a inda ya fi zurfi, saboda haka ba ya saurin ɗumi, ba ya kuma saurin hucewa. Idan hunturu ya fara janyewa, sanyin ruwan yakan hana itatuwa gaggawar fitar da fure har sai daren da raɓa ke daskarewa ya wuce, domin dare ɗaya irin wannan ya isa ya kashe furen shekara guda. Idan kuma kaka ta zo, ɗumin da ruwan ya tara yakan fito a hankali ya ba 'ya'yan lokacin nuna sosai. Kai da ka san yadda iska mai ƙarfi ke kakkaɓe furen mangwaro, ba sai an yi maka dogon bayani a kan darajar fure ba.

Ceri, wani ƙaramin ɗan itace ja, a watan Yuli yake nuna, tuffa kuma sai Satumba da Oktoba. A Agusta abin da za ka tarar shi ne fich, ɗan itace mai laushi da ƙwallo ɗaya a ciki. Ka sa ɗanka ya buga wa masu gonar waya kafin ku kama hanya, domin wani lokaci baƙi kan tsinke nunannun tun da hantsi.

Batun ɗanɗano shi ne ya fi ɗaukar hankalina, na kuma ji daɗin da ka yi wannan tambaya. Mai gona yakan ba ka kwando, ya nuna maka layin da za ka shiga, ya bar ka ba mai tsaro, sai a bakin ƙofa a auna ko a ƙirga kwando. Cinikin gaba ɗaya a kan amana ya tsaya. Wasu sun yarda a ɗanɗana ɗaya ko biyu, wasu sun rubuta hani a allo, don haka abin da ya fi tsarki shi ne ka nemi izini da bakinka tun a ƙofa. Abin da ka tsinka kuma ya zama naka, ko da ɗanye ne, bai dace a yar da shi a gindin itace ba. Ka murɗa ɗan itacen a hankali, kada ka fizge, kada kuma ka girgiza reshe.

Ka sani cewa gonakin inabi da yawa a yankin na masu yin giya ne, sai ku tambaya kafin ku shiga. Idan ka je, Baba, ka lura da yadda suke datse itatuwan su zama gajeru har hannun yaro ya kai, ka kuma tambayi mai gonar yadda yake lissafin abin da baƙi suka ɓata, domin zai yi maka amfani idan ka yi niyyar buɗe wa mutanen Daura layi ɗaya na gwaba a lambunka.