Tambayi Likita: Katin Lafiya, Motar Asibiti da Jijjigar Mai Ciki

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duka kan abu biyu suka tsaya: kuɗin magani, da yadda za a kai mara lafiya asibiti. Na zaɓo waɗanda suka fi maimaituwa. Kamar kullum, amsa a rubuce ba ta zama madadin ganin likita. Wanda jikinsa ya tsananta ya ajiye waya ya nufi asibiti.

Likita, ina jin ana SOCHEMA, ana NHIA. Duk abu ɗaya ne? (Malamin firamare, Bodinga)

Ba ɗaya ba ne, Malam. NHIA hukumar inshorar lafiya ce ta gwamnatin tarayya. Ita ce tsohuwar NHIS, dokar 2022 ta sauya mata suna, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. SOCHEMA kuwa hukumar taimakekeniyar lafiya ce ta jiharmu ta Sakkwato. Tun da ba tarayya kake wa aiki ba, ƙofar SOCHEMA za ka ƙwanƙwasa.

Ni ma'aikacin tarayya ne, matana biyu, 'ya'ya tara. Katina ya ɗauke mu duka? (Magidanci, Arkilla)

A'a, Alhaji. Tsarin ma'aikatan tarayya kai ne da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Sauran ana ƙara su, amma da biyan kuɗi na daban, kuma ina ba ka shawara ka ƙara su ɗin. Kada a riƙa kai wani yaro da katin ɗan'uwansa. Bayan rashin gaskiyar da ke ciki, bayanan jini da na magungunan yaro biyu ne za su cakuɗe a fayil guda, wata rana a ba wani abin da jikinsa ba ya so.

Mijina ya rasu ya bar ni da marayu huɗu. Ba ni da albashi, ƙuli-ƙuli nake sayarwa. Irinmu muna da rabo? (Wata baiwar Allah, Gwadabawa)

Allah ya jiƙan maigida, ya raya marayu. Kuna da rabo, 'yar'uwa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusu na musamman, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, domin kula da lafiya a matakin farko. Daga cikinsa ake biya wa masu rauni kuɗin inshora: masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, masu buƙata ta musamman da marasa galihu. Ki je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarku da lambarki ta NIN, ki nemi shugaban asibitin ki ce masa rajistar masu ƙaramin ƙarfi kike so. Gurabe ba su kai yawan mabuƙata ba, wannan gaskiya ce mai ɗaci, saboda haka in aka ce babu yau, ki bar sunanki ki riƙa waiwaya. Kada ki ba kowa ko sisi da sunan zai saka ki. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ma takan tallafa wa marasa lafiya mabuƙata, kada ki ji nauyin kai kukanki can. Kafin katin ya fito, in yaro ya yi zazzaɓi mai zafi ko gudawa, kai shi asibiti a ranar.

An ce mana inshora caca ce, kuma rashin tawakkali ne mutum ya biya kuɗin cutar da ba ta zo ba. (Ɗan kasuwa, Wurno)

Fatawa ta malamai ce, ka je gare su da cikakken bayani. Nawa shi ne in faɗa maka yadda abin yake. Jama'a ne ke zuba kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki. Kamar gayyar noma ce: yau an taru a gonar wani, gobe a taka, wanda kuma bai buƙaci gayya bana ba bai yi asara ba, ya taimaki ɗan'uwansa. Ba wanda ke cin riba don wani ya faɗi. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta umarce mu da taimakon juna a kan alheri, kuma da wannan niyyar nake ganin ya kamata a shiga. Batun tawakkali kuwa, mutumin da ya sayar da gonar gado a dare ɗaya don biyan kuɗin tiyata bai fi wanda ya yi tanadi dogaro ga Allah ba.

Matar wana tana da cikin fari wata takwas ta faɗi da magariba tana jijjiga, kumfa na fita a bakinta. Tsofaffin gida suka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi, aka ɗura mata rubutu. Na ce a nemo motar asibiti, kakarmu ta ce motar gawa ba za ta tsaya a ƙofar gidanta ba. Wan nawa yana ci-rani a Legas, wayarsa ba ta shiga, ba wanda ya yarda a fita da ita ba da izininsa ba. Sai da asuba aka kai ta. Ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Yanzu tana da wani cikin wata uku. Me za mu yi? (Ɗalibi, Tangaza)

Allah ya sa mai ceto ne. Ɗana, wannan tambayar ce ta fi tsaya mini a rai, don haka ka yi haƙuri zan daɗe a kanta. Ka karanta wa mutanen gidanku amsar, har da kaka, cikin ladabi.

Abin da ya sami matar wanka ba iska ba ce. Jijjigar masu ciki ce, kuma hawan jini ke kawo ta. Takan fara ne bayan ciki ya wuce wata biyar, tana kuma iya zuwa lokacin naƙuda ko cikin kwanakin jego. Tushenta daga mabiyiya yake: jijiyoyin jinin uwa su takure, jini ya hau, ƙoda ta fara zubar da sinadarin furotin a fitsari, ƙwaƙwalwa ta kumbura, sai jijjiga. Ta fi kama mai cikin fari, da mai ƙarancin shekaru, da mai 'yan biyu, da wadda ta taɓa yi. Kuma ba kasafai take zuwa ba sallama ba. Kafin faɗuwar akan ga ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, kumburin fuska da hannuwa, ciwo a saman ciki wajen haƙarƙarin dama. Awon jini da ya kai 140 bisa 90 ga mai ciki abin tashi tsaye ne. Duk mai cikin da ta ga ɗaya daga cikin waɗannan, asibiti a ranar, ba gobe ba.

Hayaƙi da ɗura kuwa, wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Mace tana fama da numfashi, iska ba ta isar ta balle ɗan da ke cikinta, sai a turnuƙe ɗaki da hayaƙi? Wadda ba ta cikin hayyacinta ba ta iya haɗiya. Duk abin da aka ɗura mata, rubutu ne ko ruwa ko jiƙo, huhu yake tafiya, kuma shi kaɗai ya isa ya kashe ta. Haka cusa cokali a baki, haƙora kawai yake karyawa. Abin yi ɗan kaɗan ne: a kwantar da ita ta gefen hagu, a kawar da abin da zai ji mata rauni, a sassauta tufafi, kada a danne ta, kada a sa komai a bakinta, a nemi mota nan take. Ban hana kowa addu'a ba. A yi ta a cikin mota, a yi ta a bakin gadon asibiti. A can akwai allurar magnesiyam salfet mai tsayar da jijjiga, da maganin sauke jini, sannan a raba ta da cikin, don haihuwar ce asalin maganin. Allurar ba ta da tsada. Daren da aka ɓata a gida shi ne ya yi tsada.

Maganar kaka na san inda ta samo asali. Shekara da shekaru mutanen karkara ba su ganin motar asibiti sai ranar da ta kawo gawa. Kuma da yake ba a neman ta sai rai ya kai ga maƙoshi, da yawan waɗanda ta ɗauka ba su dawo ba, sai aka ɗora wa motar laifin jinkirin da aka yi. An yi ta ne don mai rai. A cikinta mara lafiya zai kwanta miƙe, ga ma'aikacin lafiya a gefensa, a wadda aka tanada da kyau har da iskar shaƙa da ƙarin ruwa. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin motocin asibiti da agajin gaggawa mai suna NEMSAS a 2022, ana shimfiɗa shi jiha-jiha, an kuma tsara shi ne ya ɗauki nauyin ɗauko mara lafiya da maganin sa'o'i 48 na farko a asibitocin da ke cikin shirin. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, kiranta kyauta ne.

Sai dai ba zan yaudare ka ba. Jiha mai ƙananan hukumomi 23, da garuruwan da sabis ba ya kaiwa, da hanyoyin da damina ke yankewa, da wuraren da tafiyar dare ta zama haɗari, ba kowane kira ne mota za ta amsa a kan lokaci ba. Shi ya sa shirin naku zai fara tun yanzu da cikin yake wata uku.

Ta fara awo a wannan makon, ta gaya wa ma'aikaciya ƙarara cewa ta yi jijjiga a cikin baya. Mai irin tarihinta likita kan ɗora ta a kan ƙaramin asfirin da sinadarin kalsiyam, amma shi zai rubuta, kada a saya a kemis a sha da ka. A auna jininta da fitsarinta a kowane zuwa. A yi mata rajistar katin lafiya, tun da masu ciki na cikin waɗanda asusun gwamnati ke biya wa. Wanka ya tara mahaifiyarsa da kaka da kai, ya furta a gabanku cewa ko yana nan ko ba ya nan, ya ba da izini a kai matarsa asibiti duk lokacin da ta buƙata. Wannan magana ɗaya ta fi kayan suna muhimmanci. Ka karɓi lambar shugaban asibitin garinku da ta direban motar asibiti, ka kuma je tasha ka yi magana da shugaban direbobi, ka riƙe lambar direba biyu da za su fito ko da tsakar dare ne. A ɓoye kuɗin mai a wuri ɗaya da ba a taɓawa. A san mutum biyu da za su ba da jini. In ciki ya shiga wata tara, ta koma gidan 'yan'uwa kusa da babban asibiti, ko nan cikin gari kusa da asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo ko asibitin mata da yara na Maryam Abacha. Wannan haihuwar ba ta gida ba ce, ko da ungozoma ta ƙware.

In aka ce sai an yi aiki, kada tsoron kuɗi ya sa a gudu da ita. A watan Nuwamban 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi a asibitocin da aka tantance. Ku tambaya tun a wajen awo wane asibiti ne mafi kusa da ku a cikin shirin.

Ga sauran masu karatu, ba jijjiga kaɗai ba. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin sa'o'i 2. Naƙudar da ta wuce sa'o'i 12, ko mabiyiyar da ta ƙi faɗowa bayan sa'a guda, duk na mota ne nan take. Yankan gishiri ba ya buɗe hanya, yoyon fitsari yake jawowa. Don Allah a daina.

Ƙanena ya yi haɗari, wani asibiti ya ce ba za a taɓa shi ba sai mun ajiye kuɗi. Haka doka ta ce? (Mai shago, Mabera)

Ba haka ta ce ba. Sashe na 20 na dokar lafiya ta 2014 ya hana kowane asibiti ko ma'aikaci ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ya kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. A ceto rai tukuna, lissafi daga baya. Haka wanda aka harba: dokar 2017 ta ce a karɓe shi ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, asibiti ne zai sanar da su. 'Yan'uwanmu na Isa da Sabon Birni su riƙe wannan, kada a ɓoye mai raunin harsashi a gida ana masa tofi da ɗauri. In irin haka ta sake faruwa, a nemi babban likitan da ke bakin aiki ba tare da hayaniya ba, in ba a dace ba a wuce asibiti na gaba, ƙorafi ya biyo baya a rubuce.

In haɗari ya faru a gabanmu, mu ɗora mutum a kan babur mu ruga da shi? (Ɗan kabu-kabu, Dange)

Allah ya saka da niyyar alheri, amma kada a naɗe shi a kan babur, kada a ciccibe shi hannu da ƙafa. In wuya ko gadon baya ya karye, wannan ɗaukar ce ke shanye mutum har abada. A danne wurin da jini ke zuba da tsumma mai tsabta, a riƙe kansa daidai da jikinsa, a kwantar da shi a kan katako ko ƙyaure, kada a ba shi ruwa. Kira 122, lambar hukumar kiyaye haɗurra, ko 112.

Da katina zan iya wucewa asibitin koyarwa kai tsaye? (Ma'aikaciyar jiha, Wamakko)

In ba gaggawa ba ce, a'a, Hajiya. Fara da asibitin da kika zaɓa lokacin rajista, su za su ba ki takardar turawa, in ba haka ba kuɗin zai dawo aljihunki. In gaggawa ce, kamar ciwon ƙirji, shanyewar ɓarin jiki, zubar jini ko sumewa, nufi asibiti mafi kusa, a nuna katin bayan an fara duba ki.